Me za mu kira "quarry" da aka daina aiki a ciki?

Malamar Jogirafi: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan koyar da darasin duwatsu, ina fassara bayani kan Craigleith, wani tsohon quarry na sandstone a birnin Edinbara na Sikotland. Da dutsensa aka yi gine-gine da yawa a ɓangaren birnin da ake kira New Town. An daina aiki a 1942, daga baya aka cike ramin aka gina kantuna a kai, amma aka bar bango ɗaya na dutsen a fili don masu nazari. Hausar kalmomi biyun nan, quarry da sandstone, nake nema, don Allah a taimaka.

Ɗan Gombe: Wa alaikumus salam Malama. Sandstone dai dutsen yashi ne. Irinsa ne Dutsen Bima a wajenmu. In kika goga shi da yatsa za ki ji ƙwayoyin yashi suna zubowa, domin yashi ne ruwa ya tara, ya danne, ya daskare. Quarry kuma direbobin tifa kwari suke cewa.

Malamar Jogirafi: Kwari zai ruɗa min yara, za su ɗauka kwarin da ke tsakanin tuddai nake nufi.

Baba Mai Nahawu: Mahaƙar dutse. Tunda kuma an watse an bar ta, kufan mahaƙa. Yadda gari ke zama kufai in mutanensa sun tashi. Da kalmarmu a hannu me zai kai mu ara?

Na Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ba haƙa ake yi ba, fasawa ake yi. Mafasar dutse ta fi.

Baba Mai Nahawu: Rami ne mai zurfi, ɗana. Ba a samun rami sai an haƙa. Abin da ke damuna shi ne mu da kanmu muke raina harshenmu. Yaro ya ji kalmar Bature sai ya ga ilimi, ya ji ta Hausa sai ya ga ƙauyanci.

Ɗan Gombe: Baba, ba raini ba ne. Mota da burodi ma aro ne, kuma babu wanda Hausarsa ta ragu don ya faɗe su.

Baba Mai Nahawu: Waɗancan ba mu da su aka kawo mana. Rami da dutse kuwa tun kaka da kakanni.

Malamar Jogirafi: Baba, a yi haƙuri, lokaci nake bi. Damuwata da kufai ita ce yana nuna wurin ya mutu, alhali darasin akasin haka yake koyarwa. Bangon nan a jere yake hawa-hawa, wasu layukan a karkace, kuma karkatar ce ke nuna inda ruwa ya nufa lokacin da kogi ke zuba yashin, shekaru sama da miliyan 300 da suka wuce. A ramin aka tono manyan kututturan itatuwa da suka rikiɗe suka zama dutse, akwai ɗaya a lambun tsirrai na Edinbara har yau. Ba don an yanka dutsen ba, da duk wannan yana binne. Shi nake so yaran su gane, har in sun wuce inda aka yanka tudu don titi su tsaya su duba.

Na Maraɗi: To ki ce tsohuwar mahaƙar dutsen yashi. Na janye mafasa, ko da yake har yanzu ita ta fi kwanta min.

Malamar Jogirafi: Ita zan rubuta a allo. Na gode.

Baba Mai Nahawu: Ta yi tsawo, amma ba laifi. Ni dai kufan mahaƙa zan ci gaba da cewa. Ki faɗa wa yaran ita ko sau ɗaya, ki ga wadda za su riƙe.