Laburare sun ƙi karɓar littattafan mahaifinmu, ina mafita?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne har ya yi ritaya, kuma mutum ne da ba ya iya wuce littafi bai saya ba. Muna yara, in aka yi albashi mun san da sabon littafi zai shigo gida. Kowanne sai ya yi masa riga da takarda, ya rubuta sunansa da shekarar da ya saya a shafin farko, wasu har da sharhinsa da jan biro a gefe. Ko kunnen shafi ba ya yarda a naɗe. Mama ta sha yin faɗa da shi a kan ɗakin da littattafai suka cinye, amma da ya rasu ita ce ta hana a taɓa ko guda. Yanzu ta koma wurin yayanmu da zama, gidan kuma haya za a bayar, Yaya ya ce kafin ƙarshen watan gobe a kwashe komai. Shi a ganinsa a kira masu sayen tsofaffin takardu su auna su tafi da su. Wallahi ranar da ya faɗa sai da na yi kuka.

Shi ne na ɗebi wasu kwalaye na kai laburaren gwamnati da ke kusa da mu. Ma'aikaciyar ta buɗe, ta ɗan dudduba, ta ce ba sa karɓa a haka. Wai in kawo jerin sunayen littattafan su zaɓi waɗanda suke buƙata, kuma duk wanda suka karɓa ya zama nasu, suna iya cire shi ranar da suka ga dama. Na roƙa a ware kanta guda a sa sunan Baba, ta ce ba a yi. Na ce to ina so in riƙa zuwa ranar Asabar ina karanta wa yara, ta ce in rubuto takarda. Na rubuta na kai, har yau shiru. In kai ƙararta wurin shugabansu ne, ko yaya zan yi? Lokaci yana ƙure mini.

Uwar yara uku:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. 'Yar uwa, ni ban yi mamaki ba ko kaɗan. Lokacin hutu na kwashi yarana na kai su namu laburaren, muka tarar da sashen yara a kulle, wai mai riƙe da makullin bai zo ba. Da muka koma muka samu a buɗe, ƙaramin ya yi dariya sau ɗaya aka zo aka tsaya a kanmu kamar mun yi sata. Tun ranar yaran suka ce ba su ƙara zuwa. Ki kai ƙara kawai, ba sa son aiki ne.

Tsohon ma'aikacin laburare:
Allah ya gafarta wa Malam. 'Yata, zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: ma'aikaciyar nan aikinta ta yi, kuma da ni ne a kujerar, amsar da zan ba ki ke nan. Mutane suna ɗauka littafin kyauta ba shi da kuɗi. A wurinmu yana da shi. Kowane guda sai an duba lafiyarsa, a duba ko muna da irinsa, a shigar da shi rajista, a ba shi lamba, a buga hatimi, a manna masa alama a ƙeya, sannan a samo masa gurbi a kanta. Littattafan da aka buga kafin wajen 1970 ba su da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, don haka ba a iya jawo bayanansu daga kwamfuta cikin sauƙi, sai an zauna an rubuta da hannu. Ma'aikaci nawa kika gani a wurin?

Batun kanta kuwa, ba rowa ba ce. Yawancin laburaren jama'a suna bin tsarin da Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, wanda ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. Addini yana 200, Musulunci yana 297, kimiyya 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Yaron da ya zo neman littafin lissafi 510 zai nufa. In littafin lissafin Malam yana can wata kusurwa tare da na tarihinsa da na waƙoƙinsa, yaron ba zai taɓa ganinsa ba. Ranganathan, masanin laburare ɗan Indiya, ya shimfiɗa dokoki biyar a 1931, ta farko ita ce littafi don a yi amfani da shi ne, ta huɗu kuma kada a ɓata wa mai karatu lokaci. Abin da kike nema wurin tunawa da mahaifinki ne, kuma kina da gaskiyar son haka, amma laburaren jama'a ba don wannan aka gina shi ba.

Sai maganar cirewa. Dole ne a cire. Taswirar da har yanzu take nuna Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a 1991, ko wadda ba ta da Sudan ta Kudu da ta samu 'yanci a 2011, cutar ɗalibi za ta yi. Haka littafin kimiyyar da ke lissafa Pluto cikin manyan duniyoyi tara, alhali tun 2006 aka sauya matsayinta. Na likitanci ya fi duka haɗari. Ki faɗa mana, waɗanne irin littattafai ne? Ba ki ce komai a kan wannan ba.

Mai neman shawara:
Na gode Baba, amma littattafan mahaifina ba shara ba ne. Mutumin da ya koyar da dubban yara da su, yau a ce za su cuci ɗalibi? Kuma ni ban ce kada a karanta su ba, cewa na yi a bar su wuri ɗaya. Na ga kantocinsu da idona, rabi babu komai a kai sai ƙura. Wanda ba shi da shi, shi ne zai tsaya zaɓe?

Ɗalibi mai shirin jarrabawa:
Anti, ki yi haƙuri, kullum ina laburare kuma gaskiya ba mai taɓa kantocin nan. Abin da ke kawo mu tebur ne da shiru da wurin cajin waya. Ni damuwata ma lokacin rufewa, daidai sanda masu aiki da 'yan makaranta suka samu sarari sai a ce a tashi. Kujeru kuma wasu sun ajiye jaka tun safe sun tafi yawonsu. Shawarata ki ɗauki hoton littattafan da waya ki sa a intanet, kowa ya samu, takardun kuma ki bar wa Yaya ya yi yadda ya ce.

Malama a firamare:
Kada ki bi ta wannan. Littafi shafi ɗari uku, guda nawa za ki ɗauka kafin watan gobe? Ga kuma haƙƙin mallaka, ba kowane littafi ake sakin shi a intanet ba. Ki kai wa makarantar da ya koyar, su ne suka san darajarsa. Ko da yake mu a tamu makarantar an taɓa kawo mana irin wannan kyauta, har yau kwalayen suna ofishin shugaba, babu kanta, babu mai kula, an yi ta rubuta takarda ana neman kafinta ba a samu ba. Amma dai gara nan da a auna su.

Tsohon ma'aikacin laburare:
Malama, kin ba da shawara kin kuma rushe ta da bakinki. Kwalin da aka ajiye a ofis bai amfani kowa ba. Andrew Carnegie, wani attajirin Amurka, ya gina laburare sama da 2,500, akasari a Amurka da Birtaniya, amma yawanci ba ya ba gari gini haka kawai. Sai garin ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ya san bayarwa ita ce mai sauƙi, riƙewa ce aiki.

'Yata, kanta ba kowa a kai ba dalili ne na cika ta da abin da ba za a ara ba. In mai karatu ya zaro uku ya ga duk sun tsufa, ba ya zaro na huɗu. Yanzu ga tambayata, ki amsa mini tsakani da Allah: kina da katin laburaren nan? Kin taɓa aron littafi a wurin? Kin san sunan mai kula da sashen yara? Ina tambaya ne saboda batun Asabar ɗin. Shi wannan abin ne da ya kamata su yi maraba da shi. Sanarwar UNESCO kan laburaren jama'a, wadda ta fara fita a 1949, aka sabunta ta a 1994 da kuma 2022 tare da IFLA, ƙungiyar laburare ta duniya, ta sa cusa wa yara son karatu tun suna ƙanana cikin manyan ayyukan laburare. Amma ba wanda zai damƙa wa baƙuwar fuska yaran mutane saboda takarda guda. Me kika rubuta a ciki? Yara 'yan shekara nawa, mutum nawa, ƙarfe nawa zuwa nawa, da wane harshe, wa zai zauna tare da ke, wa zai tsaya miki shaida, in kin yi tafiya wa zai maye gurbinki? In babu waɗannan, takardar tana cikin fayil, kuma ba ƙiyayya ba ce. Ki yi kati, ki riƙa zuwa, ki nemi taimaka musu da jera littattafai. Ki tambaya ko suna da ƙungiyar abokan laburare, in babu ki nemi mutum huɗu ko biyar ku kafa. Ƙungiya ana amsa mata takarda.

Mai neman shawara:
Ba ni da kati, Baba, amma ban ga abin da ya haɗa kati da wannan ba. A gidan da na tashi ba mu taɓa buƙatar aron littafi ba. Kuma na yi shekaru ina koyar da yara, ba sai an gwada ni da jera littattafai ba. Abin da na rubuta a takardar shi ne tarihin mahaifina da niyyata, ina ganin ya isa ga mai son fahimta. Littattafan kuwa akwai na makaranta, akwai na tarihi da addini, da ƙagaggun labarai na Hausa na da. Akwai kuma tsofaffin jaridu da ya ɗinke, da littattafan rubutunsa na hannu inda yake rubuta abubuwan da suka faru a zamaninsa. Wasu kwalayen na ƙasa sun ɗan sha danshi, gara ta taɓa ɗaya, amma ba sosai ba.

Tsohon ma'aikacin laburare:
Subhanallahi, ai da wannan ya kamata ki fara! In cikin waɗanda kika kai akwai mai warin danshi, to dalilin ƙin karɓar ke nan. Fumfuna tana yaɗuwa daga littafi zuwa littafi, gara kuwa in ta shiga ɗakin karatu an shiga uku. Yau ɗin nan ki raba masu danshin da sauran, ki ɗaga komai daga ƙasa, ki buɗe su a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ki shanya a rana, kada ki ƙulle su a leda.

Sannan ki saurare ni da kyau. Rubutun hannun nan da jaridun sun fi duk sauran daraja, kuma ba laburaren unguwa ne wurinsu ba. Gidan adana kayan tarihi ko sashen ajiya na musamman a laburaren jami'a, su ne suke riƙe takardun mutum wuri ɗaya da sunansa, domin ƙa'idarsu ita ce ba a cakuɗa takardun wani da na wani. Sunan da kike nema wa Malam a can yake. Ƙagaggun labaran Hausa kuwa, da wuya laburaren ya ƙi su in suna da lafiya, gurbinsu 893.72, kuma su ne za su yi miki amfani ranar Asabar. Na makarantar da manhaja ta wuce su, ki haƙura da su. Ki fara jerin nan yau: suna, marubuci, shekara, lafiyar littafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani ɗan uwa:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Ki samu ɗaki a gidanki ki buɗe naki laburaren da sunan Baba, ba mai ce miki kawo takarda.

Uwar yara uku:
Maƙwabcinmu ya gwada haka, shekara ba ta zagayo ba rabin littattafan sun tafi aro ba su dawo ba. Ni kaina akwai nawa guda biyu a hannun wata tun kafin in haifi autana, in na tambaya sai ta ce tana dubawa. Ni dai ina nan kan bakana, ki je wurin shugaban.

Malama a firamare:
Wani abu da ba wanda ya taɓo: littattafan nan gado ne. Sauran 'yan uwanki da Mama sun amince a bayar? Kada ki kai rubutun hannun mahaifinku wani wuri gobe a zo ana rigima.

Mai neman shawara:
Ba wanda ya damu da su sai ni, Malama, shi ya sa ban tsaya tambayar kowa ba. Mama kuma ba na son tayar mata da hankali. Baba, na ji bayaninka kuma na gode, amma rubutun hannunsa ba zan iya miƙa wa wasu su kulle a inda sai na nemi izini kafin in gani ba. Rarraba littattafan nan kuma, wannan nan wancan can, shi ne ainihin abin da nake gudu tun farko. Jerin ma ban ga yadda zan gama shi ni kaɗai ga aiki ga yara ba. Ina ganin zan je wurin shugaban ranar Litinin in yi masa bayani da bakina, wataƙila shi ya fahimta. Yaya ya sake kira ɗazu, wai masu hayar suna so su fara fenti.

Tsohon ma'aikacin laburare:
Shugaban zai tura ki wurin ma'aikaciyar da kika kai ƙara, ita kuma za ta ce ina jerin. Kin raba masu danshin?

Ɗalibi mai shirin jarrabawa:
Anti, in kin samu ganin shugaban don Allah ki yi masa maganar lokacin rufewa.