Ina kuromosom biyu suka shiga tsakanin 48 da 46?

Jama'a, don Allah masana ilimin halittu ku warware mini wannan, kwana uku ke nan ina ta juya shi a raina. Cimfanzi da goggon biri (gorila) suna da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki, masu zuwa biyu-biyu) 48, mu mutane 46. Na karanta cewa guda biyu ne suka manne suka zama kuromosom na 2 a jikinmu, har ana ganin tabon mahaɗar a tsakiyarsa. Wannan na gane.

Inda na cije shi ne: wanda abin ya fara faruwa a kansa ai 47 gare shi, sauran danginsa kuwa 48. To yaya ya haihu da su, har zuriyarsa ta rinjayi kowa? Na zana kuromosom ɗin a takarda, ina haɗa su biyu-biyu, kullum sai ɗaya ya rage ba abokin tafiya.