SERS zai iya ware maganin ƙwari a jikin kabeji?

Ɗalibi_Jos: Salam 'yan uwa, don Allah masana kemistiri a taimaka min. Furojet ɗina a kan ragowar maganin feshi ne a kayan gwarin da ake kawowa kasuwar Farin Gada, malamina ya ce in duba SERS. Na gane dai leza ake haskawa, hasken da ya dawo ya tona ko wane sinadari ne, to amma shi kabejin ai yana da nasa sinadaran birjik, ta yaya na'urar za ta ware gubar ita kaɗai?

Malamar_Lab: Wa'alaikas salam ƙanina. Wannan dabarar haska leza ita ake kira Raman, SERS kuma Raman ne da aka ƙara wa ƙarfi ta hanyar ɗora sinadarin a jikin ƙarfe. Raman zalla ba shi da ƙarfi, cikin ƙwayoyin haske kusan miliyan 10 da kyar ɗaya ke dawowa da bayanin da kake so. A 1974 masana kemistiri su Fleischmann a Southampton ta Ingila suka ɗora wani sinadari mai suna pyridine a kan azurfar da aka yi wa kaushi sai sigina ya yi tsalle, yanzu da ƙananan ƙwayoyin azurfa ko zinare ana samun ninki miliyan har fiye. Amma ka riƙe wannan, abin da ya manne a jikin ƙarfen kaɗai ke samun ƙarin, musamman wanda ya maƙale a tsukin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu, wanda ya yi nisan 'yan nanomita kuwa shiru kake ji. Zaɓen a wurin mannewa yake.

Baban_Khalifa: Gaskiyar Malama. Shi ya sa maganin feshin nan thiram ke da sauƙin kamu, yana da salfa kuma salfa da azurfa kamar ƙuda da zuma ne, ka goge bayan ganye da auduga ka ɗiga ruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin azurfar za ka gan shi. Dichlorvos kuwa, wanda ke cikin Sniper, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, ba shi da salfa, sai ka tace sampul ko ka lulluɓe ƙwayoyin azurfar da aptamer, wato ɗan gajeren zaren DNA mai cafke shi kaɗai. Wallahi abin na damuna don mu da yaranmu ke cin waken nan. Sannan ka nemi leza mai tsawon zango nanomita 785, mai 532 ganye zai cika maka sakamako da ƙyallin da zai rufe siginar.

Ɗalibi_Jos: Na gode ƙwarai. Kenan zan iya faɗin adadin gubar da shi?

Malamar_Lab: A nan fa sai a hankali, ruwan azurfar da ka dafa yau da na gobe ba lallai su ba ka tsayin sigina ɗaya ba. Ka yi tankaɗe da SERS, waɗanda suka nuna alama ka kai su GC-MS, na'urar da ke rarraba sinadarai ta auna adadinsu, a tabbatar. Ka fara da thiram.