Dila mai wutsiya tara: ta Japan ce ko aro suka yi?

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Na zana Gizo da Ƙoƙi na ɗora a shafina, ba wanda ya tanka sai wani da ya rubuto wai in nemi sana'a. Kawuna ma cewa ya yi gemai-gemai da ni ina zanen tatsuniya. To ku dubi Japan. A Nasu, cikin lardin Tochigi, akwai dutsen da suke kira Sessho-seki, wato dutse mai kisa. Tatsuniyarsu ta ce wata macen dila mai wutsiya tara ta rikiɗa ta zama kyakkyawar mace mai suna Tamamo-no-Mae, ta shiga fadar Sarki Toba, sarki ya kwanta ciwo. Da mai duba ya tona asirinta sai ta gudu Nasu, mayaƙa suka harbe ta, kurwarta ta shige dutsen nan. A watan Maris na 2022 dutsen ya rabe biyu, jaridun duniya suka ɗauka, wasu na raha wai dila ta kuɓuce. Mutane na biyan kuɗin mota su je kallon dutse saboda tatsuniya! Sun riƙe asalin kayansu sun mayar da shi kuɗi, mu kuwa namu ya zama abin kunya. Shi ya sa suka yi mana nisa.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam. Yaro, tsaya. Asalin kayan wa? Dila mai wutsiya tara ta China ce. Ina zuwa Guangzhou saro kaya tun kana firamare, a can na san labarin. Cire kalmar asali tukuna, sai mu saurare ka.

Ɗan Tudu: Alhaji, ni ba wannan ce maganata ba. Maganata ita ce mun raina namu.

Alhajin Kwari: Ai gini ba ya tsayuwa a kan tubalin toka. Ka ce asali, a kan asali za mu tsaya.

Maman Hanan: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk mai kallon finafinan Koriya ya san gumiho. Ita ce mai wutsiya tara, tana zama mace ta yaudari namiji ta cinye hantarsa. Ni kam a wurinsu na fara ganinta, kuma sun fi kowa iya ba da labarin.

Bakanike: Anti, inda kika fara ganin abu ba nan ne aka haife shi ba. Ni a Kano na fara ganin Toyota, amma ba a Kurmi ake ƙera ta ba.

Maman Hanan: Kai da kowa ya san ɗan Japan ne kai saboda injin mota. Ko cewa aka yi Japanawa ne suka ƙirƙiro tuwo za ka yarda.

Tica: Bari in taimaka da abin da na karanta. A kan wutsiya tara Alhaji yana da gaskiya. Wani tsohon littafin China mai suna Shanhaijing, wanda ya haura shekara 2000, ya ambaci dabba mai kama da dila mai wutsiya tara a dutsen Qingqiu, kukanta kamar na jariri, tana cin mutane. Littafin Japan mafi daɗewa da ya iso hannunmu, Kojiki, a shekarar 712 aka kammala shi. Tazarar ba kaɗan ba ce. Abin da zai ba ku mamaki, su kansu Japanawa ba su ɓoye ba. A labarin Tamamo-no-Mae yadda ya bunƙasa daga baya, an ce dilar nan ta fara ɓarna a China da sunan Daji, matar sarkin ƙarshe na daular Shang, ta yi a Indiya, sannan ta tsallako Japan. Tatsuniyar da bakinta ta ce baƙuwa ce.

Alhajin Kwari: Allah ya yi maka albarka, Malam. Magana ta ƙare.

Tica: Ba ta ƙare ba, Alhaji, ban sauke numfashi ba. Wutsiyar ce ta aro, amma dilar da ke tsaye a ƙofar wuraren bautar Inari tasu ce. Inari abin bautarsu ne na shinkafa da albarkar gona, dila kuma suna ɗaukarta 'yar aikensa. A Fushimi da ke Kyoto, wurin da tarihinsu ya ce an kafa a 711, za ka ga gumakan dila na dutse, wata da mabuɗin rumbu a baki, ga ƙofofin katako jajaye dubbai a jere har saman tudu. Har abinci suka ba ta: soyayyar awarar waken suya, wadda suka ce dila na so, shi ya sa taliyar da aka ɗora wa ita ake kiranta kitsune udon, wato taliyar dila. Wannan ba daga Qingqiu ya zo ba.

Bakanike: Kun ji ko? Alhaji ya yi shiru.

Alhajin Kwari: Sallah na je. Kuma ita awarar ma daga ina ta je musu? China. Rubutunsu na kanji daga ina? China. Addinin Buddha ta ina ya shiga? Kowane lungu ka leƙa, China za ka gani.

Maman Hanan: Tsaya nan, Alhaji. Ta Koriya addinin Buddha ya shiga Japan, daga masarautar Baekje a ƙarni na 6. Ko ba haka ba ne, Tica?

Tica: Haka ne, Hajiya.

Maman Hanan: To a rubuta a ajiye, yau an ba Koriya gaskiya.

Ɗan Maraɗi: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Tun ɗazu kuna ta dila, dila. Na duba hoton dabbar, ja ce mai tulin gashi a wutsiya. A wajenmu wannan dangin yanyawa ce. Dila ai ya fi kama da kare, kuma dila namiji ne, malamin daji. Yaushe ya zama "ta"?

Bakanike: Yanyawa 'yar mitsitsiya mai manyan kunnuwa ita za ta kayar da sarki? Haba ɗan'uwa.

Ɗan Maraɗi: Ka taɓa ganin yanyawa da idonka, ko a ƙarƙashin mota ka girma? Ku 'yan birni ba ku san daji ba sai gyara wa mutane Hausa.

Ustaz: Jama'a, a ji tsoron Allah. An wuni ana musu a kan wa ya riga wani sassaƙa gunki. Ko na China ne ko na Japan, duk abu guda ne. Ni abin da na lura, sun ce dilar tana shiga jikin mutum ta yi magana da bakinsa, suna kiran abin kitsunetsuki. Mu ai mun san sunan wannan.

Tica: Ustaz, ba wanda ya ce a bauta wa komai, tarihi ake yi. Kuma shi dutsen ba aljani ke kisa a wurin ba. Yankin mai aman wuta ne, iska mai guba ce ke fitowa daga ƙasa, ita ke kashe ƙwari da dabbobin da suka raɓe shi. A Disambar 2022 ma an tsinci gawar aladun daji takwas a kusa da shi. Rabewar kuma, dama dutsen ya daɗe da tsagewa, ruwan sama na shiga.

Ustaz: To me ya kai su ɗaura wa dutse igiya in sun san iska ce?

Ɗan Tudu: Don Allah a dawo kan maganata. Ko aro ne, ai sun yi aiki da shi. Masu zanensu irin su Hokusai da Kuniyoshi sun zana matar nan, a sassaƙa zanen a jikin katako, a shafa launi, a buga a takarda, talaka ya saya da kuɗi kaɗan. Daga nan abin ya gangaro har katun ɗin da ƙannenmu ke kallo a waya. Mu wa ya yi wa Gizo haka?

Alhajin Kwari: Yawwa, "ko aro ne". Da bakinka ka faɗa. Kuma buga zane da katako ma a China aka fara.

Bakanike: Alhaji, tunda komai na China ne mai asali, janareton da na saya a shagonka wata uku ya yi ya kwanta. Shi ma asali ne?

Alhajin Kwari: Kai ka zuba masa gurɓataccen mai. Kuma ka fara biyan cikon kuɗin kafin ka buɗe baki a gaban mutane.

Bakanike: In biya cikon abin da ya mutu?

Maman Hanan: Ikon Allah, daga fadar Sarki Toba mun dawo kan bashi. Ni dai a biyo ni ta waya in tura muku sunayen finafinan gumiho, ku gani da idonku.

Ɗan Maraɗi: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa a kan yanyawa.

Alhajin Kwari: To, a matsayina na shugaban zaure, dare ya yi, bari in taƙaita yadda aka tashi don waɗanda ba su nan. Ɗanmu Ɗan Tudu ya zo da iƙirarin cewa dila mai wutsiya tara asalinta Japan ne. Malam Tica, mutum mai ilimi, ya kawo littafi da shekara ya tabbatar ta China ce, ya ƙara da cewa su Japanawan ma sun amsa. Shi mai iƙirarin daga baya ya janye da kansa, Allah ya saka masa. Hajiya ta kawo batun Koriya, wanda kowa ya san su ma maƙwabtan China ne, don haka maganarta tana ƙarfafa tawa. Sauran bayanin da Malam ya yi a kan shinkafa da taliya ba ya cikin abin da ake musu a kai. Mun gode wa Ustaz da nasiha. Batun janareto ba na zaure ba ne, mai shi ya same ni a shago gobe da rasit da cikon kuɗi. Na rufe tura saƙo sai da safe.