Wai sodium caseinate madara ce ko ba madara ba?

Maman Biyu, Tudun Wada:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Yarona ɗan shekara 3 likita ya hana shi madarar shanu, da ya sha sai ƙuraje su feso masa yai ta susa. To jiya na siyo garin nan da ake zubawa a shayi a Kasuwar Barci, an rubuta non-dairy a jiki mai shagon ma ya ce min ba madara ciki, na ɗan zuba masa a kunu wlh kafin magariba leɓensa ya kumbura. Da na duba bayan robar sai naga sodium caseinate, mene ne shi kuma?

Ɗan Kawo:
Hajiya ai madarar ce aka sauya mata kama. Kin san yadda nono in ya kwana yake yin gudaji ruwan ya ware gefe? To gudajin nan shi ne casein, kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar saniya. Kamfani sai su yaɗe man, su sa asid ya dunƙule, su haɗa shi da sodium don ya riƙa narkewa a ruwa sannan a busar ya zama gari. Shi ke riƙe mai da ruwa kar su rabu, shi yasa shayin ke yin fari tas baki ganin mai na yawo a sama. Har ayis kirim da sosej ana sa shi.

Anti Nas:
Maman Biyu abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai wanda sukarin madara, lactose, ke sa shi kumburin ciki da gudawa, shi wannan garin bai cika damunsa ba don sukarin kaɗan ya rage ciki. Naki kuwa furotin ɗin ne jikinsa baya so, kuma furotin ɗin ne zalla aka zuba. Ki daina ba shi, duk abinda kika ga casein, caseinate ko whey a jiki ki ajiye. In kika ji numfashinsa na fita da ƙyar ko yana amai kar ki tsaya jiƙa komai, asibiti kawai ko tsakar dare ne.

Baban Shayi:
Ikon Allah, ni da nake juye shi a kofi kullum, ashe nonon Fulani ne ya je makaranta.

Maman Biyu, Tudun Wada:
Nagode Anti, kumburin ya saɓe da safe amma gobe zan kai shi asibiti da robar a jaka. Sauran kuma babansu ya shanye tunda shi ba abinda yake masa.