Ƙato da ɗan madaidaici a kikboksin: ina ƙwarewa take tsayawa?

Mai_Kallo:
Salamu alaikum masana. A gasar Glory ta kikboksin, wato damben naushi da shuri, tsakanin rukunin kilo 65 da na 70 bambancin kilo 5 ne kacal, amma da an haura 95 babu iyaka, sai ka ga mai kilo 100 ya kara da mai 125. Me ya sa aka bar shi haka? Kuma idan ƙaramin jiki zai fuskanci ƙato, wane atisaye ne ke cike masa giɓin?

Tsohon_Koci:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dalili na farko, ƙattin da suka iya wasan ba su da yawa, in an rarraba su babu wanda zai samu abokin karawa. Na biyu shi ne muhimmi: nauyi yana ƙaruwa da sauri fiye da ƙarfi. Ƙarfin tsoka kaurinta yake bi, amma kowane kilo da aka ƙara sai zuciya da huhu sun ciyar da shi iska. Shi ya sa ƙato yake da haɗari ƙwarai a turmin farko, a na uku kuwa hannuwansa sun sauko, baki a buɗe.

Kada dai a raina girma. A 2002 Bob Sapp, wanda ya haura kilo 150 kuma bai daɗe da shiga harkar ba, ya doke gogaggen zakara Ernesto Hoost har sau biyu ta hanyar matse shi a igiya da ruwan naushi. A 2003 kuma Mirko Cro Cop ya karya wa Sapp ƙashin gurbin ido da naushin hagu guda kafin a cika minti biyu. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne dogo mai numfashi irin Semmy Schilt na Holan, mai tsayin kusan santimita 212, da ya ci kambin babbar gasar kikboksin ta K-1 a 2005, 2006, 2007 da 2009. Shurin gaba da naushin hagu suna tsare ka daga nesa, in ka kutsa ciki gwiwarsa na jiran haƙarƙarinka.

Bugun_Cinya:
Koci ya faɗi gaskiya. Bari in taɓa ɓangaren atisayen. Turmi minti 3 ne, hutu minti 1, wasa turmi 3, na kambi 5. Ƙaramin jiki shi ne zai fi tafiya a fili, don haka dole bugun zuciyarsa ya riƙa sauka cikin wannan minti ɗayan.

Gindin aikin shi ne gudu a hankali, minti 40 zuwa 60, sau 3 a mako, bugun zuciya tsakanin 130 da 150 a minti. Matasa suna raina shi don ba ya wahalarwa, alhali shi ne ke sa a farfaɗo tsakanin turmi. A kansa ake ɗora mai zafi, sau 2 a mako: daƙiƙa 30 na duka da iya ƙarfi a kan buhu, daƙiƙa 30 na taku, har turmi 5 ko 6. In aka mayar da mai zafin na kullum, a mako na uku barci zai lalace, ƙafa ta yi nauyi, sai rauni ya biyo baya.

A fili kuma, ja da baya a miƙe shi ne kuskuren da ke kai mutum ƙasa, domin takun ƙato ɗaya ya ci naka biyu, ƙarshenta igiya. Ka buga biyu ko uku, ka fice ta gefe, nesa da hannunsa mai ƙarfi. Ka riƙa saran cinyarsa ta gaba da ƙwauri, kaɗan sama da gwiwa, daidai lokacin da ya ɗora nauyinsa a kai, don a lokacin ba zai iya ɗaga ƙafar ya tare ba. Riƙe-riƙe kuwa ka guje shi, zai kwantar maka da nauyinsa a wuya ya shanye ka. Kaoklai na Tailan, da bai kai kilo 80 ba, ya sumar da Mighty Mo da shurin kai a 2004, amma a 2005 Choi Hong-man mai santimita 218 ya ci shi da maki. Dabara tana da iyakarta.

Mai_Kallo:
Na gode malamai. To ba gara mutum ya rage kiba sosai ya sauka rukunin ƙasa ba, ya zama shi ne ƙaton?

Malama_Sikeli:
Nan ne ake halaka, ɗan'uwa. Rage kitse daban, matse ruwan jiki daban. Kitse a hankali ake sauke shi, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, tun makonni 8 zuwa 10 kafin wasa. A makon ƙarshe akan rage sitaci, gishiri da abinci mai dusa. Kowane giram na sitacin da tsoka ta adana yana riƙe da ruwa kusan giram 3, to da ya tafi sikeli zai sauka ba tare da an gasa jiki ba.

Wanda ya dogara da ɗakin tururi da rigar leda, jininsa yana yin kauri, ƙoda ta wahala, numfashi ya gajarce, sannan naushin da da can zai shanye ya kayar da shi. Bayan awo a sha kusan lita ɗaya da rabi kan kowane kilo na ruwan da aka zubar, da gishirinsa, kurɓi-kurɓi, in an kwankwaɗa amai ne ko gudawa. Bayan rasuwar ɗan wasanta Yang Jian Bing wajen rage nauyi a 2015, gasar dambe ta ONE ta fara gwada fitsari tare da awo, wanda kaurin fitsarinsa ya wuce 1.025 ba a karɓar awonsa. In sai ka zubar da fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinka da gumi kafin ka cika awo, wannan rukunin ba naka ba ne.