Neman Shawara: Furodusa Ya Ce In Wanke Masa Drishyam, In Karɓi Aikin?

Marubuci Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina ɗan taɓa rubutun labarin fim, amma har yanzu ba a san ni ba. Wani furodusa, ba zan kama suna ba, ya kira ni ya ce in wanke masa fim ɗin Indiyan nan Drishyam, na Ajay Devgn, ya koma na Hausa. Labarin wani uba ne da ya ɓoye gawar yaron da aka kashe a gidansa don ya kare iyalinsa daga 'yan sanda. Sharaɗinsa shi ne in bi fim ɗin fitowa bayan fitowa, in canza sunayen mutane da na garuruwa kawai, kada in yi masa wata gwaninta tunda labarin ya riga ya karɓu. Kuɗin aikin ba laifi, kuma ina cikin buƙata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk fim ɗin da na ga an maimaita, sai in ji mutane suna cewa na asali ya fi. Haka abin yake ko da yaushe? In karɓa in bi yadda yake so, ko in roƙe shi ya bar ni in sauya wasu abubuwa, ko in haƙura da aikin? Wanda bai kalli fim ɗin ba ya yi haƙuri, na san sai an tona ƙarshensa a nan.

Mai Shagon Turi:
Wa alaikumus salam. Malam, ni a kasuwa nake, kullum ina tura wa mutane fina-finai a waya. Furodusanka yana lissafin zamanin kaset ne, lokacin da za ka wanke fim ɗin Indiya kuma rabin masu kallo ba su taɓa ganin na asalin ba. Yanzu fa fassara ta zo. Yaro ɗan firamare ma ya kalli manyan fina-finan Indiya da Hausa, da kyamararsu da kuɗinsu da komai. Duk daɗin Drishyam yana wajen tambaya guda: ina gawar take? Mai kallon da ya riga ya san tana ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sanda, me zai zaunar da shi? Wannan kawai ka tambayi furodusan.

Tsohon Ɗan Silima:
Ɗana, bari in fara da gyara maka wani abu. Wanda kake kira na asali ɗin, shi ma maimaici ne. Na farko na mutanen jihar Kerala ta Indiya ne, da yaren Malayalam, ya fito a 2013, Mohanlal ne jarumi, Jeethu Joseph ya rubuta ya kuma ba da umarni. Na Ajay Devgn sai a 2015 ya zo. Kenan kai da kanka ka so maimaici ba ka sani ba.

Mu da muka yi zamanin layin tikiti a Plaza da Orion da El Dorado a Kano mun ga irin wannan da yawa. Mother India na 1957, wanda iyayenmu mata suka sha kuka a kansa, Mehboob Khan ya sake yin wani fim ɗinsa ne mai suna Aurat da ya yi a 1940. Yau wa ke zancen Aurat? Na biyun ya binne na farkon.

Amma bari in ba ka misali biyu da nake ganin su ne amsar tambayarka. Don na 1978: Amitabh ya fito a mutum biyu, babban ɗan ta'adda mai suna Don da wani talaka mai kama da shi, Vijay. Ɗan ta'addan ya mutu, jami'in 'yan sanda ya saka Vijay a madadinsa don ya tono asirin gungun, sai jami'in ya mutu, babu sauran mai shaidar cewa Vijay ba Don ba ne. A 2006 Farhan Akhtar ya sake yin sa da Shah Rukh Khan. Shi Farhan ɗan Javed Akhtar ne, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rubuta na farkon, don haka gadon gidansu ya taɓa. Ya san duk wanda zai shiga kallo ya haddace labarin. Sai ya bar mu muna tafiya muna ganin mun san hanya, a ƙarshe ya nuna ashe Don bai mutu ba, shi ne ya musanya kansa da Vijay tun a asibiti. Saninmu na tsohon fim ɗin shi ya mayar tarkon da ya kama mu da shi. Ni har gobe na Amitabh na fi so, wannan kuwa son ƙuruciya ne, ba na musu. Amma ba zan ce yaron nan bai yi aiki ba.

Na biyu Agneepath. Na 1990 bai yi kasuwa ba da farko, har muryar da Amitabh ya shaƙe ta ba mutane haushi, sai da aka sake ɗaukar maganarsa da muryarsa ta kullum, duk da cewa fim ɗin ya samo masa lambar yabo ta ƙasa. A 2012 Karan Johar, ɗan furodusan na farko, ya sa aka sake yin sa da Hrithik Roshan. Ba su sa Hrithik ya kwaikwayi Amitabh ba, don sun san zai sha kunya. Suka cire rawar Mithun gaba ɗaya, suka ƙirƙiri sabon mugu, Rauf Lala, suka ba Rishi Kapoor. Mutumin da a Kano muke yi wa laƙabi da Mace, ga shi ya fito yana ba da tsoro. Sanjay Dutt kuma, Ɗan Daba Mai Lasin, aka aske masa kai ƙwal. Ƙashin labarin kawai suka riƙe: yaron da aka kashe mahaifinsa malamin makaranta bisa sharri, ya girma da ƙudurin fansa. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Aag na Ram Gopal Varma, 2007, wanda ya ce zai sake Sholay na 1975. Ya tara manya, Amitabh ne ma ya hau kujerar mugun da Amjad Khan ya yi. Abin dariya, Mohanlal da Ajay Devgn, jaruman Drishyam ɗinka su biyun, duk suna ciki. Fim ɗin ya faɗi warwas, har yau da shi ake misali. Taron jarumai bai cece shi ba, domin duk fitowar da ka gani sai ta tuna maka da wadda ta fi ta kyau.

Marubuci Sabon Shiga:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Amma ai na Ajay Devgn ɗin kusan bin na Kerala ya yi sau da ƙafa, kuma ya karɓu. Wannan ce hujjar furodusan idan na kawo masa zancen.

Tsohon Ɗan Silima:
Ya karɓu domin a lokacin yawancin masu jin Hindi ba su kalli na Malayalam ba, yaren ba ɗaya ba ne. A wurinsu sabon labari ne. Kai kuwa ba ka da wannan gatan, mai shago ya riga ya faɗa maka.

Maman Yara:
Ƙanena, ni ba marubuciya ba ce, mai kallo ce kawai, amma zauna ka auna labarin da rayuwarmu ka gani ko zai tsaya da ƙafarsa.

Uban nan na cikin fim ɗin, gidansa a gefen gari yake, shi kaɗai cikin gona. Shi ya sa yaro ya shigo da dare, aka buge shi ya mutu, aka haƙa rami aka binne, babu wanda ya ji. A unguwanninmu? Katanga ɗaya ke tsakaninka da maƙwabci, ko tari ka yi da dare sai an yi maka sannu da safe. Ga samari a bakin layi har ƙarfe ɗaya, ga mai shayi, ga 'yan sintiri. Baƙuwar mota mai tsada ta tsaya a lungu, kafin asuba mai unguwa ya ji labari.

Sai maganar shaida. Dabararsa duka a kan takardu take: tikitin mota, tikitin silima, rasiɗin gidan abinci, na masauki. A yawancin tashoshinmu wa zai ba ka tikiti mai kwanan wata? Kuɗinka za ka miƙa wa ɗan kamasho ka shiga. Idan ka rubuta Malam Bala yana zaro tikiti daga aljihu yana nuna wa ɗan sanda, dariya za a yi a inda ya kamata a riƙe numfashi. Nemi abin da mu muke bari a baya idan mun yi tafiya: rasiɗin mai POS, saƙon banki, hotunan biki da ake zubawa a waya, bidiyon wa'azi da wani ya ɗauka. Su ma Indiyawan ai sun sauya. A na Kerala iyalin Kiristoci ne, taron addu'a na coci suka ce sun je. A na Hindi aka mayar da su Goa, taron wani malamin Hindu a Panaji, ranakun 2 da 3 ga Oktoba. Kowa da irin taron da mutanensa za su yarda da shi.

Abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne gawar. Musulmi ya binne ɗan mutane ba wanka, ba likkafani, ba salla, ya koya wa matarsa da 'ya'yansa ƙarya, sannan ya je ya bi sahu a masallaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar mai kallo Bahaushe. Idan ka tsallake shi, labarin ya zama na wasu mutane sanye da kayanmu. Idan kuwa ka tsaya a kansa, ka nuna uwar gidan ta kasa barci, ta kasa haɗa ido da uwar yaron, to a nan fim ɗinka yake, kuma ba wanda ya riga ka yin sa.

Na Damagaram:
Hajiya ta gama magana. In ƙara da na 'yan Sin, wanda suka fitar a 2019. Ba su ajiye labarin a ƙasarsu ba, Tailan suka kai shi, kuma a ƙarshe uban ya fito ya amsa laifinsa da bakinsa. A na Indiya kuwa ya tsira. Mutane sun yi ta gardama, wasu na cewa an ɓata labarin don a gamsar da masu tace fina-finai, wasu na cewa ya fi taɓa zuciya. Kai ma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a gabanka idan can za a kai shi, gara ka yi tunanin ƙarshen tun yanzu. Ka nemi na Tamil ma, Papanasam, da Kamal Haasan. Jeethu Joseph ɗin ne ya sake ba da umarni da kansa, amma dubi haɗuwar ƙarshe da iyayen yaron: Mohanlal ya daure fuska, Kamal kuwa kuka ya ɓarke da shi. Labari ɗaya, mutum biyu daban.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ku dai kuna da lokaci. Yaro ya ce yana cikin buƙata, kuna ba shi tarihin Indiya. Mai kuɗi ya faɗi abin da yake so, ka yi masa, ka karɓi haƙƙinka. Tela ba ya gardama da mai yadi. Idan ka yi suna gobe sai ka rubuta wanda ranka yake so.

Maman Yara:
Alhaji, sunan wa za a rubuta a fim ɗin? Idan aka fara zagi a Facebook da TikTok ana haɗa hoton nasu da na Indiya gefe da gefe, marubuci za a fara kira ɓarawon labari, furodusa yana gida yana shan shayi.

Ɗalibar Shari'a:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Waɗancan da ake lissafawa, na Hindi da Tamil da Telugu da Kannada da na Sin, sayen izini suka yi daga masu labarin. Furodusanka ya saya? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ba ta hana ka ɗaukar jigo ba. Uba yana kare iyalinsa daga masu ƙarfi, wannan ba mallakin kowa ba ne. Shi kansa Jeethu Joseph an ce labarinsa ya yi kama da wani littafin Japan, ya musanta. Amma bin fitowa bayan fitowa da maganganun 'yan wasa, wannan kwafi ne kai tsaye. A da ba mai kula mu, yanzu kuwa YouTube ake ɗora fina-finai, kuma mai haƙƙi na iya kai ƙorafi a sauke fim ko a karɓe kuɗin tallansa. Faɗa wa furodusan wannan, zancen asara ya fi saurin shiga kunnensa a kan zancen fasaha.

Marubuci Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yanke: zan rubuta taƙaitaccen labari na shafi uku a kan jigon kawai. Uban zai zama mai gyaran waya a kasuwa, tunda shi ya san abin da waya ke tonawa da abin da take ɓoyewa, gidan kuma gidan haya ne mai maƙwabta. Ba ofishin 'yan sanda, ba tikiti. Zan kai masa tare da maganar YouTube ɗin. Abin da ban sani ba, idan ya karanta ya ce bai so, sannan ya ba wani ya rubuta da dabarata fa?

Ɗalibar Shari'a:
Kada ka miƙa masa a hannu kawai. Tura masa ta imel ko WhatsApp yadda kwanan wata zai fito, ka ajiye kwafi, kuma wani babba da kuke jin nauyinsa ku biyu ya san da zancen. Ƙarshen labarin kuma riƙe abinka, kada ka sa shi cikin shafi ukun sai kun yi yarjejeniya a rubuce ya ba da kafin alƙalami.

Ɗan Kasuwar Kwari:
A nan kam na yarda da ke. Rabin kuɗi a hannu kafin ka rubuta fitowa ta farko, kuma a rubuta a takardar cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa.